Waiwaye: Daren Silima a Kano da Darasin da Ya Bar Mana

Idan ka ce wa matashin Kano na yau "Wapa", abin da zai faɗo masa a rai shi ne 'yan canjin Fagge masu hada-hadar Dala da Riyal. Kaɗan ne a cikinsu suka san cewa gidan silima ne ya bar wa wurin wannan suna. Haka Plaza da Orion da Queens da El Dorado da Marhaba. A wurin 'ya'yanmu, waɗanda ma suka taɓa jin su, sunayen kwatance ne da ake yi wa mai adaidaita sahu. Amma ga wanda ya yi ƙuruciyarsa daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon na 1980 irina, kowanne daga cikinsu yana tuna masa da dogon layi, da ƙamshin tsire, da ihun ɗaruruwan mutane a lokaci guda. Yau ina so mu waiwayi waɗancan darare, domin sun koya mini wani abu game da yaro da kallo, wanda nake ganin iyayen wannan zamani sun fi iyayenmu bukatarsa.

Hoto mai motsi ya shigo ƙasar Hausa ta ƙofa biyu. Ta farko ita ce majigi. Gwamnatin Turawa, daga baya kuma ta Jihar Arewa, takan turo mota ƙauyuka da unguwanni, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gidan hakimi ko a filin makaranta, a nuna yadda ake tsabtace rijiya, da amfanin allurar rigakafi, da sabbin dabarun noman gyaɗa da auduga. Mai sharhi yana riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Manyanmu har yau suna tuna fim ɗin Baban Larai. Majigi kyauta ne, da izinin sarauta yake zuwa, yara a gaba, manya a baya, mata a gefe, ba wanda yake jin kunyar a gan shi a wurin.

Ƙofa ta biyu ita ce silimar kuɗi, wadda Kwarori 'yan ƙasar Labanan suka kafa. An buɗe Rex a Kano a 1937, kuma ita da waɗanda suka fara biyo bayanta a wajen ganuwa aka gina su, wajajen Sabon Gari da Fagge, inda baƙi suke, inda kuma mashaya da gidajen rawa suke. Tun daga nan mutanen birni suka sa silima a sahun abubuwan da ɗan mutunci ba ya kusanta. Sai kuma ga mummunar gobarar El Duniya ranar Lahadi 13 ga Mayu, 1951, wadda ta ci rayukan mutum 331. Jama'a da yawa suka ɗauki abin a matsayin ishara daga Allah, kuma har muka taso tsofaffi suna ba da labarin da rawar murya. Da aka zo buɗe Palace a Jakara, cikin birni, a farkon shekarun 1950, ta gamu da adawa mai zafi daga malamai da mutanen unguwa. Saboda haka duk yaron da ya tashi a zamaninmu ya tarar da hukunci a yanke: a kira ka "ɗan silima" zagi ne, kuma ana iya hana mutum aure a kansa.

Duk da haka yara ba su fasa zuwa ba. Talla ce take fara kama mu. A mararraba da bakin kasuwa akan jingine allo mai ɗauke da babbar fasta: ga jarumi da jini a goshi, ga bos da gashin baki yana zare ido, ga yarinya da jan sari tana kallon sama. A ƙasa an rubuta sunan silima da ranar da za a nuna. Mukan tsaya a hanyar dawowa daga makaranta mu yi ta musu a kan wanda zai mutu da wanda zai rayu, alhali ba wanda ya ga fim ɗin a cikinmu. Daga nan sai tarin kuɗi. Kuɗin tara da aka ba ka ka sayi ƙosai, da tukuicin aike, da abin da ya rage na barka da salla, duk sisi da sule suna faɗawa cikin asusu saboda dare ɗaya.

Yawancin abokaina a sace suke zuwa. Wani ya ce zai kwana a soron su wane, wani ya bi yayyen unguwa ya dawo ya tarar an kulle gida. Ni kuwa Allah ya ba ni wani kawu, ƙanin mahaifiyata, tela ne, mutum mai natsuwa da son kallo. Shi ya tsaya gaban mahaifina ya ce, "Yaya, yaron nan idan ba a kai shi ba zai kai kansa. Gara ya je a hannuna." Mahaifina ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya gindaya sharuɗɗa: sai ranar Juma'a da daddare, sai an yi sallar isha'i, sai malamin allo bai kawo ƙara ba a wannan mako, kuma daga silima sai gida. A kan waɗannan sharuɗɗa na san silima, kuma sai da na girma na gane girman abin da aka yi mini.

Ƙofar silima kasuwa ce mai zaman kanta. Fitilun aci-bal-bal a jere, mai rake yana fere, mai tsire yana barbaɗa ƙuli, ga dafaffen ƙwai da gyaɗa da lemo, ga mai shayi da tebur. Masu kekuna suna ba da ajiya. Tagar sayar da tikiti ƙarama ce, hannu kawai take ɗauka, layin kuwa ba ya daɗewa yake rikiɗewa ya koma turereniya idan fim ɗin mai farin jini ne. Kawu yakan riƙe wuyan hannuna gam har sai mun wuce mai geti.

Yawancin gidajen ba su da rufi, sai ɗan ɓangaren baya inda kujerun masu tsada suke. Katanga ce doguwa ta kewaye fili, a gaba ga ƙaton bango fari. Masu ƙaramin tikiti su ne a can gaba kan benci, sai sun ɗaga kai sama. Shi ya sa ba a kallo sai da daddare. Lokacin hunturu kowa ya zo da mayafinsa, da damina kuwa ido ɗaya a bango, ɗaya a hadari. Na sha ganin an tsuge da ruwa mutane sun ƙi tashi, sun lulluɓe kai da riga, saboda an zo daidai wurin da jarumi zai gane cewa wanda yake faɗa da shi ɗan'uwansa ne da suka rabu tun suna yara.

Da an kashe fitilu, haske ya fito daga 'yar tagar ɗakin na'ura ya ratsa saman kawunanmu, sai wurin ya ɗauki fito da tafi. Ba a kallon silima da baki a rufe. Idan bos ya laɓe a bayan ƙofa, mutum ɗari ne za su gargaɗi jarumi da ƙarfi. Idan aka mari uwa, sai ka ji salati daga kowace kusurwa. Idan waƙa ta zo, waɗanda suka riga suka ga fim ɗin sai su kama amshi, ko da ba su san ma'anar kalma ɗaya ba. Idan kuwa zaren fim ya tsinke, bango ya yi fari fat, to mai na'ura ya shiga uku da ihu har sai ya haɗa. Wani lokaci a haɗawar sai a tsallake wani wuri, nan take waɗanda suka haddace fim ɗin su tashi tsaye suna cewa an yanke musu. A nan na fara sanin daɗin a ce abu ɗaya ya ba ka dariya kai da baƙon da ke kusa da kai, ku dubi juna kamar kun daɗe da sanin juna.

Fina-finan iri uku ne. Akwai na kaboyi, masu dawaki da bindiga, irin su Django. Akwai na Chanis, inda Bruce Lee yake sarauta da Fist of Fury da Enter the Dragon, ko da yake ya rasu tun 1973, sannan Jackie Chan ya zo da Drunken Master a 1978. Amma mafi yawan darare na Indiya ne. Mother India na 1957 ya shekara da shekaru ana maimaita shi ba a gaji ba. Ga Haathi Mere Saathi na Rajesh Khanna da giwayensa, ga Sholay na 1975 inda Amitabh Bachchan da Dharmendra suka tunkari Gabbar Singh, ga Amar Akbar Anthony, ga Disco Dancer na Mithun Chakraborty a 1982. Mutanen Kano har laƙabi suka raɗa wa 'yan wasan: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, daga baya Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin.

Ba ma jin Indiyanci, rubutun Turancin da ke ƙasa kuma, idan ma akwai shi, ya fi ƙarfin karatunmu. Amma ba abin da yake wuce mu, domin labarin namu ne. Mun san yarinyar da aka ba wanda ba ta so. Mun san talakan da mai kuɗi ya ƙwace wa gona saboda bashi. Mun san ɗan da yake durƙusawa gaban mahaifiyarsa, da amaryar da take rufe fuska, da dattijo mai rawani wanda maganarsa ita ce ta ƙarshe. Kwarorin sun kawo fina-finan Indiya ne saboda sun fi na Amurka araha, sai suka dace da jama'ar da ta ga kanta a ciki.

Wani rabin daɗin silima sai washegari yake zuwa. Wanda ya je kallo shi ne sarkin dandali. Yara su kewaye shi, ya fara tun daga rubutun farko, ya yi muryar bos, ya yi kukan uwa, ya yi ƙarar naushi da baki, ya tashi ya gwada yadda aka yi tsalle. Idan ya tsallake wani wuri, wanda ya riga shi gani ya gyara masa. 'Yan mata da matan aure ba sa zuwa silima, saboda haka mu ne idanunsu. Yayata da ƙawayenta sukan zaunar da ni a tsakar gida suna tankaɗe, su ce, "To ɗan'uwa, daga ina aka fara?" Har mahaifiyata, wadda ba ta taɓa son zuwan nawa ba, takan rage sautin aikinta idan na zo wurin da aka raba uwa da ɗanta. Fim ɗin awa uku sai yaro ɗan shekara goma ya riƙe shi a ka, ya jera shi daki-daki, ya san inda zai ja rai da inda zai yi sauri. Wannan horo ne irin wanda tatsuniyar kaka take bayarwa, kuma na san marubuta da 'yan jarida da malaman makaranta da dama waɗanda a wannan dandali harshensu ya fara kaifi.

Tasirin bai tsaya a kanmu yara ba. Makaɗa irin su Abdu Yaron Goge da Ali Makaho sun ɗauki karin waƙoƙin Indiya sun zuba musu Hausa. Masu bege da mandiri ma sun ari karin suka ɗora yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Abin da aka tsare a bayan katanga a wajen ganuwa sai ga shi ya shigo har cikin gidajen biki da zaurukan unguwa.

Iyayenmu suna da hujja a tsoron da suke yi, kuma na shaida haka da idona. A bakin silima da cikinta akwai masu yankan aljihu, akwai 'yan daba da wuƙaƙe, akwai hayaƙin wiwi da yake tashi daga wasu kusurwoyi, akwai mata masu zaman kansu da masu nemansu. Yaron da ya je shi kaɗai cikin dare, ya fito sha biyu ta wuce, ba ya rasa wanda zai ja shi a jiki. Wasu daga cikin waɗanda muka yi wasan ƙasa tare a can suka fara karɓar guntun taba daga hannun manya, daga nan makaranta ta gagara. Shi ya sa da Gwamna Sabo Bakin Zuwo ya rufe Palace a 1983 ya mai da ita asibiti, mutanen birni suka yi murna, kuma murnarsu tana kan hanya.

Sai dai idan na dubi abokan nan nawa, na dubi kaina, fim ɗaya muka kalla a bango ɗaya. Bambancin shi ne wanda ya raka kowa, da wanda ya yi masa magana bayan an tashi. A hanyarmu ta komawa gida a ƙafa, kawu ba ya barin fim ya wuce haka nan. Daren da muka ga Mother India, inda uwa ta harbe ɗanta Birju da hannunta saboda ya ɗauke 'yar mutane ranar aurenta, ya tambaye ni, "Kai a ganinka ta kyauta?" Na ce ai uban yarinyar ne ya cuce su da bashin ruwa. Ya ce, "To ita yarinyar me ta yi masa?" Muka yi ta tafiya ina juya maganar, kuma a daren na fara fahimtar cewa zaluncin da aka yi maka ba ya halatta maka zaluntar wani. Ranar da na fito daga fim ɗin Bruce Lee ina harbin iska, sai ya ce, "Ka lura da shekarun da ya yi yana koyo kafin ya iya? Kuma ka ga ya taɓa wanda bai fi shi ƙarfi ba don nishaɗi?" Idan kuma aka nuna abin da bai dace da addininmu ko al'adarmu ba, kamar sujada ga gunki ko shan giya don baƙin ciki, yakan faɗa mini a fili cewa wannan nasu ne, mu ga yadda muke yi. Abokaina ba su sami mai yi musu wannan ba. A gida an ce kada su je, sun je, saboda haka ba su da bakin ba da labari, balle a gyara musu fahimta. Fassarar da suka samu ita ce ta yayyen bakin geti.

Son labari a wurin yaro kamar yunwa ne. Idan ba a dafa a gida ba, zai ci a maƙwabta, kuma ba ka da iko da abin da aka zuba masa a can. Mun hana, amma ba mu tanadi madadi ba. Fina-finan Hausa na silima 'yan kaɗan ne. Na tuna yadda jikina ya yi da na fara ganin Shehu Umar, wanda Adamu Halilu ya shirya a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mutane masu irin rigunanmu, suna magana da harshenmu, a cikin labarin da ya faru a ƙasarmu. Da a ce irinsa sun yi yawa, da tunanin tsararmu ya ginu a kan namu kafin na wasu.

Gidajen silima ba wa'azi ne kaɗai ya kashe su ba. Talbijin ta shigo gidaje tana nuna fina-finan Indiya kyauta. Bidiyo da kaset suka yawaita a shekarun 1980. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar Naira, shigo da fim daga waje ya yi tsada, na'urori suka tsufa ba gyara. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset, masana'antar da ake kira Kannywood ta kama hanya. Waɗanda suka gina ta yaran da suka tashi da kallon Indiya ne, don haka ba abin mamaki ba ne da rawa da waƙa da soyayyar mutum uku suka cika fina-finansu. Abin da suka ci suna yara shi suka dafa da suka girma. Bayan dawo da shari'a a 2000, Kano ta kafa Hukumar Tace Fina-finai a 2001. Tsofaffin gidajen suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wasu suka koma shaguna da wuraren ajiye kaya. A 2016 ma, da gwamnatin tarayya ta zo da shirin gina alƙaryar fim a Kofa, adawa ta sa aka janye shi.

To ina kallon ya koma? Ya koma aljihun yaro. Silimar zamaninmu tana da katanga da mai geti da kuɗin shiga da lokacin tashi, kuma duk wanda ya je an gan shi. Wayar hannu ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yaro yana kwance a ɗaki ɗaya da iyayensa, ya lulluɓa da bargo, yana kallon abin da ko ɗan daban bakin silima bai taɓa gani ba. Yarinyar da a da ake jin daɗin cewa ba ta fita, yau TikTok da YouTube suna iske ta har kan gadonta. Kuma yaron yau ba ya fitowa dandali ya ba da labari, balle wani babba ya ji ya gyara. Idan hani bai yi aiki ba a lokacin da silima take nesa, sai an yi tafiya an biya kuɗi, yaya zai yi aiki shi kaɗai yanzu?

Darasin da na ɗauko daga waɗancan darare shi ne aikin kawuna ya fi ƙarfin kulle ƙofa. Ya ku iyaye, ku sa wa kallo lokaci da sharaɗi kamar yadda mahaifina ya sa mini. Ku zauna ku kalla tare da 'ya'yanku, maza da mata, ko sau ɗaya a mako. Idan an gama ku sa su ba ku labarin da bakinsu, ku tambaye su wa ya kyauta, wa ya cuta, da su ne me za su yi. Masu shirya fim, ku tuna da yara: Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi da tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi suna nan suna jiran mai mai da su kallo mai kyau. Hukumomi da malamai da masu hali, ku haɗa kai a samar da wuraren kallo masu tsabta da tsaro, da rana, inda magidanci zai kai iyalinsa ba tare da jin kunya ba. Yaranmu za su kalla ko mun so ko mun ƙi. Abin da ya rage a hannunmu shi ne mu zaɓi abin da za su gani, mu kuma zama na farko da za su tattauna shi da su.